Tarihin Nagai Nagayoshi, Mutumin da Ya Ciro Efedirin Daga Cikin Tsiro

A wannan fitowa ta mujallar bango, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku tarihin wani masani ɗan ƙasar Jafan mai suna Nagai Nagayoshi. Ya rasu tun 1929, kuma ƙasarsa tana da nisa ƙwarai da Daura. To me ya haɗa mu da shi? Maganin da ya gano, wato efedirin, har yau likitoci suna ceton rai da shi a ɗakin tiyata. Kuma daga wannan magani ne ake haɗa wata muguwar ƙwaya da hukumar NDLEA take farauta dare da rana. Mutum ɗaya ne ya fara fito da su duka biyun. Shi ya sa muka ga ya kamata mu san shi.

Haihuwarsa da gidan da ya tashi

An haifi Nagai a wajajen shekarar 1845, a lardin Awa da ke tsibirin Shikoku. Yanzu ana kiran wurin Tokushima. A lokacin nan, a ƙasarmu Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne yake kan gadon sarauta a Sakkwato. A al'adar Jafanawa sunan gida ne yake zuwa a farko, saboda haka Nagai sunan gidansu ne, Nagayoshi kuma sunansa na yanka.

Mahaifinsa likita ne da yake yi wa masu mulkin lardin aiki. Irin likitancinsa na gargajiya ne, wanda Jafanawa suka koyo daga mutanen Sin. Da saiwoyi da sassaƙe da ganyaye yake aiki. Mahaifiyar Nagai ta rasu yana ƙarami, sai ya shaƙu da mahaifinsa sosai. A wurinsa ya koyi sunayen tsirrai, da inda suke fitowa, da ciwon da kowanne yake warkarwa. Idan muka kwatanta da nan gida, kamar yaron da ya tashi a gidan mai maganin gargajiya ne, wanda tun yana ƙarami ya san sabara da marke da tazargade.

Burin mahaifin shi ne ɗansa ya gaje shi. Ya gaje shi ɗin kuwa, amma ta wata hanya dabam.

Karatunsa a Nagasaki

Fiye da shekara 200 Jafan ta rufe ƙofarta ga baƙi. Cikin Turawa, mutanen Holan kaɗai aka yarje wa su yi ciniki, su ma a wani ɗan tsibiri da ke bakin garin Nagasaki. Saboda haka duk wanda yake son ilimin likitancin Turawa, Nagasaki yake nufa. A 1853 jiragen ruwan yaƙin Amurka suka zo suka matsa wa Jafan lamba ta buɗe ƙofa. Daga nan Jafanawa suka gane cewa an yi musu nisa a ilimin zamani.

A cikin shekarun 1860 hukumar lardinsu ta tura Nagai Nagasaki ya koyi likitanci a wurin malaman Holan. Ya sauka a gidan wani mutum mai suna Ueno Hikoma, ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoto na farko a Jafan. Hoton wancan zamani ba irin na wayar hannu ba ne. Mai hoto da kansa yake haɗa ruwan sinadaran da za su fito da hoton a kan gilashi. Idan awo ya kuskure, hoto ya lalace. A wannan gida Nagai ya fara son ilimin haɗa sinadarai, wanda muke kira kemistiri a makaranta. A nan kuma ya fara sanin darajar ma'auni.

Shekara 13 a Jamus

A 1868 aka yi babban sauyin mulki a Jafan, Sarki Meiji ya karɓi ragama. Sabuwar gwamnati ta zaɓi samari masu ƙwazo ta tura su ƙasashen waje su koyo ilimi. Nagai yana cikin rukunin farko. A 1871 ya tafi birnin Berlin na ƙasar Jamus da niyyar zama likita.

A jami'ar Berlin ya shiga ajin wani babban malamin kemistiri mai suna August Wilhelm von Hofmann. Darussan wannan malami sun burge shi har ya bar likitanci ya koma kemistiri gaba ɗaya. Hofmann ya ga ƙoƙarinsa, ya jawo shi jiki, daga baya ya mai da shi mataimakinsa a ɗakin gwaji.

Abin da ya yi bincike a kai, kowa a cikinmu ya san shi: kanumfari. Mun san idan haƙori yana ciwo iyayenmu sukan ce a danna kanumfari a wurin. Akwai wani mai a cikinsa da ake kira yujinol, shi ne yake rage zafin. Nagai ya yi shekaru yana nazarin wannan mai, har ya sami digirin dakta a 1881. Abin da ya koya a Jamus shi ne, duk tsiron da yake magani akwai wani sinadari a cikinsa da yake yin aikin. Idan aka raba wannan sinadari da sauran tarkace, za a iya auna shi, a san daidai yawan da zai warkar da yawan da zai cutar.

A 1884 gwamnatinsa ta kira shi gida. Ya koma bayan shekara 13. Aka ba shi aikin koyarwa a jami'ar Tokiyo, aka kuma sa shi ya jagoranci haɗa magunguna a wani sabon kamfani mai suna Dainippon. A lokacin Jafan daga waje take sayo yawancin magungunan zamani, kuma wasu 'yan kasuwa suna shigo da marasa kyau. Aikin Nagai shi ne ƙasarsa ta iya yin nata masu inganci.

Tsiron da ake kira ma huwang

A busassun wurare masu rairayi na arewacin Sin da ƙasar Mongoliya akwai wani ɗan tsiro da mutanen Sin suke kira ma huwang. Masana kimiyya suna kiransa efedira. Ba shi da faffaɗan ganye. Siraran rassa ne kore masu gaɓa-gaɓa, kamar tsintsiya. Sunansa yana cikin wani tsohon littafin magungunan Sin da aka rubuta kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Ana dafa rassan a sha don tari da mura da zazzaɓi da fuka, wato ciwon asma. Wanda ya sha yakan yi gumi, ƙirjinsa ya buɗe.

Sai dai akwai matsala. Ƙarfin tsiron yana bambanta. Wanda aka ciro a wannan yanki ba ɗaya yake da na wancan ba, na wannan lokaci ba ɗaya yake da na wani lokacin ba. Mai magani zai iya ɗibar dunƙule ɗaya yau ya yi daidai, gobe ya ɗibi irin dunƙulen ya yi wa maras lafiya yawa. Ido ba ya iya ganin bambancin.

A 1885 Nagai ya ciro sinadarin da yake aiki a cikin tsiron, fari fat kamar gishiri. Ya raɗa masa suna efedirin, daga sunan tsiron. Abin da likitoci irin mahaifinsa suke bayarwa da kintace, shi ya mai da shi abin da ake ɗorawa a ma'auni. Wannan ne aikin da ya fi sa aka san shi a duniya.

Shekara kusan 40 ana kallon maganin

Abin mamaki, efedirin bai karɓu nan da nan ba. Likitocin da suka fara gwada shi a Tokiyo, ciki har da wani mai suna Miura Kinnosuke, sun lura cewa yana buɗe ƙwayar ido. Saboda haka aka ɗauke shi maganin da likitan ido zai ɗiga kafin ya duba cikin ido. Da aka ba dabbobi da yawa kuma sai aka ga yana yi musu lahani, aka ji tsoronsa.

Sai a 1924 wasu masu bincike biyu a wata kwalejin likitanci da ke birnin Beijin suka sake duba shi. Ɗaya ɗan Sin ne mai suna Chen Ko Kuei, ɗayan kuma Ba'amurke mai suna Carl Schmidt. Sun gano cewa efedirin yana aiki kamar adiranalin, wato sinadarin da jikinmu da kansa yake fitarwa idan mun firgita. Duk wanda kare ya taɓa kora ya san aikinsa: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya buɗe, gajiya ta gudu, yunwa ta ɗauke. Bambancin shi ne adiranalin sai an yi allurarsa, kuma ba ya daɗewa a jiki. Efedirin kuwa ana iya haɗiyarsa, kuma aikinsa yana ɗaukar sa'o'i.

Wannan labari ya zama babban albishir ga masu fuka. Mu da muke zaune a Daura mun san wahalar wannan ciwo, musamman da hunturu idan ƙura ta turnuƙe. Hanyoyin iska na cikin huhu ne suke tsukewa, mutum ya riƙa shaƙar numfashi da ƙyar, ƙirjinsa yana fito. Efedirin yana sassauta waɗannan hanyoyi. Cikin 'yan shekaru ya zama babban maganin fuka a duniya. Allah ya ja kwanan Nagai ya ga wannan da idonsa, yana tsoho mai kimanin shekara 80. A Jafan har an sayar da maganin da sunansa a jikin kwali, Efedirin Nagai.

Amfaninsa a asibiti a yau

Yanzu an sami magungunan fuka da suka fi shi sauƙin illa, kamar salbutamol da ake fesawa a baki. Amma efedirin bai bar asibiti ba. Babban aikinsa yana ɗakin tiyata. Idan haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi wa mace aiki, sau da yawa ana yi mata allura a gadon baya don ƙasan jikinta ya mutu, ba za ta ji zafi ba. Wannan allura takan sa ƙarfin bugun jini ya faɗi ƙasa farat ɗaya, abin da yake da haɗari ga uwa da jariri. Sai ma'aikacin da yake kula da ita ya sa mata efedirin kaɗan ta jijiya, jinin ya daidaita. Saboda wannan aiki ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Wataƙila a cikin masu karanta wannan allo akwai wanda ranar haihuwarsa aka yi wa mahaifiyarsa wannan allura.

Ana kuma sa shi a wasu magungunan ɗigawa a hanci idan ya toshe, domin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na cikin hanci. Yana da wani ɗan'uwa mai suna sudo'efedirin da yake cikin wasu magungunan mura. A duk waɗannan wurare da awo ake ba da shi, kuma na ɗan lokaci.

Iyalinsa da sauran ayyukansa

Kafin ya baro Jamus, Nagai ya haɗu da wata Bajamushiya mai suna Therese Schumacher, 'yar garin Andernach. Sun yi aure a 1886, ta biyo shi Jafan, suka haifi 'ya'ya uku. Ta koyar da Jamusanci a jami'ar mata ta Jafan.

Nagai ya tsaya tsayin daka kan karatun 'ya'ya mata, a lokacin da mutane da yawa suke ganin kimiyya ta maza ce kaɗai. Da kansa yake shiga aji ya koya wa 'yan mata kemistiri. A 1913 jami'ar Tohoku ta ɗauki mata uku, karo na farko da wata jami'ar gwamnati ta yi haka a Jafan. Biyu daga cikinsu, Kuroda Chika da Tange Ume, Nagai ne ya ƙarfafa musu gwiwa, kuma dukansu sun zama sanannun masana kemistiri. Muna fata 'yan uwanmu mata da suke tsoron darasin kimiyya za su riƙe waɗannan sunaye.

Bai manta da garinsu ba. Tokushima ta shahara da noman baba da rini, kamar yadda aka san Kano da karofin Ƙofar Mata. Da baban ƙasashen waje ya fara kashe wa manoman garin kasuwa, Nagai ya yi bincike ya fito da hanyar tace baban don ya ƙara kyau. Ya kuma yi ƙoƙari har aka buɗe sashen koyar da haɗa magunguna a Tokushima. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar masana harhaɗa magunguna ta Jafan, kuma ya riƙe ta kimanin shekara 40. Saboda haka Jafanawa suke kiransa uban ilimin magunguna na zamani a ƙasarsu.

Rasuwarsa

Matarsa Therese ta riga shi rasuwa a 1924. Shi kuma ya rasu a Tokiyo ranar 10 ga Fabrairu, 1929, bayan ciwon huhu ya kama shi. Ya haura shekara 80. A lokacin Sarki Abdurrahman ne yake sarautar Daura.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ya ƙare lafiya. Amma akwai wani abu da ya bari a ɗakin gwaji wanda ya tashi bayan ba ya nan.

Ƙwayar da ta fito daga efedirin

A 1893, yana cikin binciken yadda ginin efedirin yake, Nagai ya ɗan sauya shi, sai wani sabon sinadari ya fito. Shi ne ake kira metamfetamin. A wurinsa bincike ne kawai, ya rubuta ya ajiye. A 1919 wani masanin Jafan mai suna Ogata Akira ya mai da shi ƙanƙara-ƙanƙara kamar alawa. Wannan sinadari ya fi efedirin shiga ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Yana hana barci, yana sa mutum ya ji kamar babu wanda ya fi shi ƙarfi, kuma yana kama mutum ya kasa bari.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, sai hukumomi suka ga abin da za su sa mutane aiki ba hutawa. A Jamus wani kamfani ya fara sayar da shi a 1938 da sunan Pervitin, aka raba wa sojoji. A Jafan, a 1941, aka fito da shi da sunan Philopon, kuma kamfanin Dainippon da Nagai ya taimaka aka kafa ne ya yi shi. Aka ba sojoji da matuƙa jirgin sama da ma'aikatan masana'antu. Da yaƙi ya ƙare a 1945, ragowar ya bazu a kasuwa. Ɗalibai masu karatun jarrabawa suka sha, leburori suka sha, marayun yaƙi suka sha. Mutane da yawa suka haukace, laifuka suka ƙaru. A 1951 Jafan ta kafa dokar hana shi, kuma a 1954 kaɗai an kama mutum fiye da 50,000 saboda shi.

Wannan bala'i ya iso Najeriya. A 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin haɗa metamfetamin na farko a Legas. A 2016 ta gano wani babba a Asaba, har da 'yan ƙasar Meziko cikin waɗanda aka kama. A kudu maso gabas ana kiran ƙwayar mkpuru mmiri. Da yake efedirin yana cikin abin da ake haɗa ta da shi, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta sa shi cikin kayan da ake sa wa ido sosai. A ƙasarmu babu mai shigo da shi bisa doka sai da izinin hukumar NAFDAC.

Illar efedirin shi kansa

Ko ba a mai da shi wata ƙwaya ba, efedirin yana da nasa haɗarin. Abin da yake sa ya ɗaga jinin matar da ake yi wa tiyata, shi ne yake sa ya haura da jinin mai lafiya fiye da kima. Yana kawo faɗuwar gaba da rawar hannu da ciwon kai da rashin barci da yawan fargaba. Yana iya sa zuciya ta rikice da bugawa. Yana iya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko ga matashi. Dattawa maza yakan riƙe musu fitsari. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya, da kuma wanda ya haɗa shi da abin da yake da sinadarin kafin, irin su kofi da shayi mai kauri da goro da lemukan ƙara kuzari.

A shekarun 1990 kamfanoni a Amurka suka riƙa zuba garin tsiron efedira a kwanso suna sayarwa a matsayin maganin rage ƙiba da ƙara ƙarfi. Tallarsu ita ce ai daga tsiro yake, saboda haka babu illa. Mutane suka ruɗu. Rahotannin mutuwa da shanyewar jiki suka yi ta zuwa. A watan Fabrairu na 2003 wani ɗan wasan ƙwallon gora mai suna Steve Bechler, ɗan shekara 23, ya faɗi yana atisaye a jihar Fulorida, zafi ya yi wa jikinsa yawa, washegari ya rasu. Likitan da ya binciki gawarsa ya ce efedira da yake sha tana cikin abin da ya jawo. A watan Afrilu na 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da irin waɗannan kwansuna.

Masu son ƙwallon ƙafa kuma ga naku. A 1994 Najeriya ta je gasar cin kofin duniya karo na farko, a Amurka. Ranar 25 ga Yuni muka kara da Ajantina. Samson Siasia ya fara ci mana, Claudio Caniggia ya rama biyu, aka tashi 2 da 1. Bayan wasan aka gwada fitsarin kyaftin ɗinsu Diego Maradona, aka sami efedirin da danginsa. Aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15. Wasan da ya buga da Najeriya shi ne na ƙarshe da ya yi wa ƙasarsa. Ku tambayi iyayenmu maza, da yawansu sun tuna. Har yau dokar wasanni ta duniya ta hana ɗan wasa ya wuce wani ƙayyadadden awo na efedirin a jikinsa lokacin gasa.

Abin da ya shafe mu a Daura

Tsiron ma huwang ba a gonakinmu yake fitowa ba. Amma maganar da ta ruɗi mutanen Amurka muna jin irinta a nan. A kasuwar Daura da ta Mai'aduwa da tashoshin mota, mukan ji masu talla da lasifika suna cewa maganinsu na itatuwa ne zalla, yana maganin gajiya da basir da ciwon baya da komai da komai. Wani a gora yake, wani a ƙullin leda, babu sunan abin da ke ciki, babu awo, babu lambar NAFDAC. Akwai masu maganin gargajiya na gaskiya da suka gaji sana'ar, suka san iyakarta, kuma muna girmama su. Mahaifin Nagai ma irinsu ne. Amma kasancewar abu tsiro ba ya nufin ba ya kisa. Zaƙami tsiro ne, kuma mun san yadda yake juya hankalin wanda ya sha. Tinya ma tsiro ce, amma babu mai barin ruwanta ya shiga masa ido.

Muna kuma da namu abubuwan hana barci da ƙara ƙarfi. Akwai shayin gadagi da wasu masu aikin ƙarfi suke sha. Akwai ƙwayoyin da ake sayarwa a ɓoye. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Wani bincike da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Shekara 15 ba ta da nisa da mu. Wasu 'yan aji uku sun riga sun kai.

Yawanci ba da sunan maye ake fara ba yaro ba. Aboki ne zai ce ga abin da zai hana ka barci ka yi karatun jarrabawa. Ko a filin ƙwallo a ce ga abin da zai sa ka yi gudu ba gajiya. Ko a ce wa yarinya ga maganin rage ƙiba. Haka aka ce wa ɗaliban Jafan bayan yaƙi. Irin waɗannan abubuwa ba sa ƙara wa jiki ƙarfi, ɓoye gajiyar kawai suke yi, zuciya kuma tana ta aiki fiye da ƙarfinta. Ku tuna zafin bazara a Daura yakan haura digiri 40. Wanda ya sha abin da yake ƙara zafin jiki, ya shiga fili da rana tsaka, ya sa kansa cikin irin haɗarin da ya kashe Bechler.

Saboda haka shawararmu ga 'yan uwa ɗalibai ita ce: kada mu sha ƙwaya ko jiƙon da ba mu san sunansa da awonsa ba, ko wane ne ya ba mu. Idan mura ko tari ya dame mu, mu gaya wa iyayenmu a je asibiti. Mai fuka ya riƙe maganin da likita ya rubuta masa, ya zo da shi makaranta, kuma malamin ajinsu ya sani. Wanda aka yi wa tayin wata ƙwaya ya sanar da malami ko wani babba da ya yarda da shi. Maganin jarrabawa shi ne karatu tun farkon zango da barci isasshe.

Ga malamanmu kuma, muna roƙon a riƙa nuna mana gwaji a aikace a darasin kimiyya, ko da da kayan da ake samu a gida ne. Nagai a gidan mai hoto ya fara, da kanumfari kuma ya yi digiri. Dazukanmu cike suke da tsirran da kakanninmu suke magani da su, kuma da yawansu suna jiran wanda zai ciro abin da ke cikinsu ya auna, ya faɗi yawan da yake warkarwa da yawan da yake cutarwa. Babu abin da zai hana mai yin wannan aiki ya fito daga Daura ko Zango ko Baure ko Sandamu ko Mai'aduwa.

Allah ya tsare mu da sharrin ƙwaya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.